Makunnin tayar da moton majigi

Makunnin tayar da moton majigi wani ƙaramin ɓangare ne na lantarki da ake samu a na'urar haska fim ta gidan sinima, wato irin wadda ke jan zaren fim mai faɗin milimita 35 ko 70. Aikinsa shi ne ya haɗa koyil ɗin tayarwa da wuta a lokacin da aka kunna moto, sannan ya raba su da zarar moton ya ɗauki gudu. Duk aikin nasa ba ya wuce daƙiƙa ɗaya zuwa uku a kowane kunnawa, amma idan ya lalace na'urar ba za ta tashi ba, ko kuma ta tashi moton ya ƙone. Yana cikin sassan da suka fi saurin gajiya a tsofaffin na'urori, saboda tartsatsin wuta na cin bakinsa duk sanda ya buɗe.

Masu haska fim suna kiran abubuwa biyu da wannan suna. Na farko shi ne makunnin hannu da ke jikin na'urar, wanda ma'aikaci ke dannawa ko ya ɗaga. Na biyu shi ne makunnin da ke ɓoye a cikin moton ko a akwatin wayoyinsa, wanda ke aiki da kansa. Shi na biyun ne ya fi wuyar ganewa, kuma shi aka fi nufi idan an ce makunnin tayarwa.

Asalin buƙatarsa

A zamanin fim marar magana ana juya na'urori da yawa da hannu, kuma gudun fim yakan bambanta daga wannan gidan sinima zuwa wancan. Da fim mai magana ya shigo a ƙarshen shekarun 1920, sai aka tsayar da gudu ɗaya, hoto 24 a kowace daƙiƙa, domin ana ɗaukar sautin ne a gefen zaren fim ɗin, kuma ƙaramin sauyin gudu yakan canza muryar 'yan wasa. A fim mai milimita 35 wannan gudu ya yi daidai da ƙafa 90 a minti ɗaya, wato hoto 1440. Daga nan kamfanoni irin su Simplex da Century a Amurka, da Kalee a Ingila, da Bauer da Ernemann a Jamus, da Cinemeccanica a Italiya suka dogara da moton lantarki mai tsayayyen gudu.

Moton da ya fi dacewa da wannan aiki shi ne wanda maganaɗisun koyil ke juya rotarsa ba tare da burushin gawayi ba, domin gudunsa yana bin bugun wutar layi. Moto mai kusurwar maganaɗisu huɗu yana juyawa ƙasa kaɗan da zagaye 1500 a minti a wutar da ke bugawa sau 50 a daƙiƙa, ko ƙasa kaɗan da zagaye 1800 a wutar da ke bugawa sau 60.

Matsalar tana fitowa ne idan wutar mai layi ɗaya ce. Maganaɗisun da koyil guda ke samarwa a irin wannan wuta ba ya zagayawa, gaba da baya kawai yake yi, don haka rotar da ke tsaye ba ta da wani ɓangare da za ta nufa. Idan aka tura ta da hannu za ta ci gaba da juyawa ta duk inda aka tura ta, amma ba za ta fara da kanta ba. Shi ya sa ake naɗa koyil na biyu a tsakanin ramukan na farko, a haɗa shi da kafasito ko a yi shi da siririyar waya, yadda wutar da ke bin sa za ta riga ta babban koyil kaiwa ƙololuwa. Wannan ratar lokaci ita ke sa maganaɗisun ya zagaya ya ja rota.

Ba a yi koyil ɗin tayarwa domin dogon aiki ba. Wayarsa siririya ce, tana ɗaukar zafi cikin daƙiƙoƙi. Haka ma kafasiton tayarwa, wanda galibi ake ƙayyade masa kunnawa kamar sau 20 a awa, kowanne na daƙiƙa uku. Dole ne a sami abin da zai cire su daga layi a kan lokaci.

Ire-irensa

Wanda ya fi yawa shi ne mai aiki da ƙarfin juyi. Yana da ɓangare biyu. Ɗaya yana kan shaf ɗin moto: 'yan ƙarafa masu nauyi guda biyu da sifirin ke riƙe da su, da wani zobe mai zamewa. Ɗayan kuma allo ne da aka ɗaure a murfin bayan moton, yana ɗauke da ƙwayoyin ƙarfe biyu masu haɗuwa da ake kira kontak. Idan moto yana tsaye, zoben yana danne hannun kontak ɗin, makunni yana rufe. Idan gudu ya kai kimanin kashi 75 cikin 100, ƙarafan sai su buɗe waje su rinjayi sifirin, zoben ya ja baya, kontak ya rabu. 'Yar ƙarar "ƙas" da ake ji idan moto ya kusa tsayawa bayan an kashe shi, ƙarar rufewar makunnin ce, kuma alama ce ta lafiya. Irin wannan makunni ne ke cikin yawancin motocin famfon ruwa da kwamfuresar iska, shi ya sa masu naɗin koyil suka san shi sarai ko da ba su taɓa shiga ɗakin majigi ba.

Na biyu shi ne rile mai auna ƙarfin wuta. Ana jera koyil ɗinsa da babban koyil na moto. Wutar da moto ke ja a farkon tashi tana ninka ta lokacin aiki sau da yawa, sai ta ja kontak ya rufe, idan ta sauka kuma ya saki. Da yawa daga cikinsu nauyin ƙarfen ciki ne ke buɗe su, saboda haka idan aka ɗaure su a kife ba sa aiki daidai. Akwai kuma rile mai auna boltejin da koyil ɗin tayarwa ke haifarwa yayin da rota ke ƙara gudu. Shi a rufe yake zama, sai boltejin ya kai wani mizani sannan ya buɗe.

Na baya-bayan nan shi ne makunnin ilektironik marar sassa masu motsi, wanda ba shi da kontak ɗin da zai ƙone.

Ba kowace na'ura ce ke da makunnin tayarwa ba. Moto mai layi uku yana tashi da kansa, kuma an yi amfani da shi sosai a na'urorin Turai. Haka ma moton da kafasitonsa ke zama a haɗe koyaushe, irin na fankar sama. Kafin a kwance komai ana duba allon bayanin da ke jikin moton domin a san irinsa.

Muhimmancinsa a ɗakin majigi

A injin niƙa, moton da ya yi jinkirin tashi ɓata lokaci kawai yake yi. A sinima lamarin ya fi haka. Kafin yaɗuwar babban farantin da ke ɗaukar fim gaba ɗaya, wanda ya fito daga Jamus a shekarun 1960, ana kawo fim ne a faifai-faifai, kowanne mai tsawon ƙafa kusan 2000, wato kallon kamar minti 20. Ana ajiye na'ura biyu a jere. Idan faifan farko ya kusa ƙarewa, wani ɗigo yakan bayyana a saman allo ta hannun dama, ma'aikaci ya tayar da moton na'ura ta biyu. Bayan kimanin daƙiƙa bakwai ɗigo na biyu ya fito, sai ya sauya hoto da sauti zuwa sabuwar na'urar. A cikin wannan ɗan lokaci dole moto ya kai cikakken gudu, kuma gangar karanta sauti da nauyin da ke daidaita ta su nutsu. Lambobin da ke farkon kowane faifai, masu ƙirgawa zuwa ƙasa, domin wannan aka yi su: kowane ma'aikaci ya san lambar da zai tsayar a ƙofar haske gwargwadon saurin tashin na'urarsa. Makunnin da ke kamawa yau ya ƙi gobe yana rushe wannan lissafi, 'yan kallo su ga baƙin allo ko lambobi a tsakiyar labari.

Haɗari na biyu shi ne zafi. Fitilar gawayi ta da, da fitilar zenon da ta fara maye gurbinta a shekarun 1950, suna tara haske mai tsanani a kan hoton da bai fi tambarin wasiƙa girma ba. Fim ɗin da ya tsaya a ƙofar haske fitila na buɗe yakan narke nan take. Saboda haka na'urori suke da murfin kariya da ke faɗowa idan gudu ya ragu. A zamanin fim ɗin naitiret, wanda aka daina ƙerawa a farkon shekarun 1950, tsayawar ba ƙonewar hoto ɗaya kawai take jawowa ba, gobara ce, domin naitiret yana ci ko da an tsoma shi a ruwa. Shi kuwa fim ɗin foliyesta da ya yaɗu a shekarun 1990 yana da tasa illar: ba ya tsinkewa da sauƙi, don haka idan moto ya fizga da ƙarfi haƙoran na'urar ne ke shan wahala.

Alamomin lalacewa

Idan makunni ya maƙale a buɗe, ko datti ya hana kontak haɗuwa, moto zai yi gurnani ba tare da ya juya ba. Idan aka kashe wuta aka juya na'urar da hannu aka ji tana tafiya sumul, to ba giya ko boris ne suka kama ba. Tsofaffin ma'aikata sukan murɗa marikin juyawa da hannu a daidai lokacin kunnawa domin a samu a ƙarasa kallon dare. Dabarar tana aiki, amma tana iya kama yatsa, kuma kowace daƙiƙar gurnani zafi ce ga babban koyil.

Idan kuma ya maƙale a rufe, wato kontak ya narke ya manne ko zoben ya ƙi zamewa, moto zai tashi lafiya, sai dai da ƙara mai kauri da girgiza. Cikin ɗan lokaci jikinsa zai yi zafi, a ji ƙaurin fenti, kafasito ya kumbura ko ya tsiyaye, ko fiyus ya yanke. Wannan ya fi na farko muni, domin na'urar tana haska fim kamar ba komai alhali koyil yana ƙonewa. Rashin jin ƙarar "ƙas" bayan kashewa yana cikin alamominsa na farko.

Akwai matsalolin da ke kama da lalacewar makunni alhali ba ita ba ce. Mataccen kafasito yana ba da gurnani iri ɗaya, kuma shi ne abin da ya kamata a fara zargi saboda ya fi sauƙin gwadawa. Na'urar tsaro mai lura da tsinkewar fim tana yanke wutar moto idan hannunta ya faɗi, sai a ga moto ya tashi muddin ana danne da maɓalli, ya mutu da an saki. Raunin wuta ma yana hana moto kaiwa gudun da makunni zai buɗe.

Gwaji da gyara

Ana fara aiki ne da yanke wutar na'urar gaba ɗaya daga babban akwati, har da ta gidan fitila, domin kwan zenon yana ɗauke da iska mai matsi sosai kuma na'urar kunna shi tana ba da dubban bolt. Ana cire fim daga hanya. Kafasito yana riƙe caji bayan an kashe wuta, don haka ana sauke shi ta hanyar rasista mai kimanin om 20,000. Haɗa bakinsa da sukudireba, kamar yadda wasu ke yi, yana iya lalata shi.

Kafin a kwance moto daga mazauninsa ana sa alama a wayoyi, ko a ɗauki hotonsu. Juya kan wayoyin koyil ɗin tayarwa yana sa moto ya juya baya, kuma na'urar majigi da ta yi baya da fim a ciki tana yage ramukan gefensa. Ana kuma zana layi a kan murfin moto da gangar jikinsa domin su koma yadda suke.

Da mitar gwaji ake bin sauran. A tsaye, kontak ɗin makunni mai aiki da juyi ya kamata ya nuna a haɗe, sannan ya nuna a rabe idan aka ja zoben baya da yatsa. Ana auna koyil biyun: a moto marar kafasito na tayarwa ya fi babban yawan om saboda siririyar wayarsa. Idan mita ta nuna ya yanke, ko ta nuna haɗuwa tsakanin koyil da gangar jiki, ko aka ga wayar ta yi baƙi, to sauya makunni ba zai wadatar ba, sai an sake naɗi. Ana gwada kafasito da mitar da ke auna maikurofarad, a kwatanta da abin da aka rubuta a jikinsa.

Kontak ɗin da ya yi baƙi kawai ana goge shi da siririyar zarto ta kontak ko takarda mai tauri da aka jiƙa da ruwan wanke kontak. Ba a amfani da samfefa mai ƙwayar ƙarfe, saboda burbushinta yana maƙalewa ya ƙara tartsatsi. Yawan gogewa ma ɓarna ce, domin azurfar da ke saman ƙwayar ba ta da kauri, kuma da ta ƙare gyaran ba ya daɗewa. Ƙwayar da ta yi rami mai zurfi, ko hannun da zafi ya kashe masa tauri, sauyawa ake yi.

Ɓangaren da ke kan shaf yana buƙatar wanki ne kawai. A na'urar majigi abin da ya fi kama shi shi ne mai da ke tsiyayowa daga akwatin giya ya haɗu da ƙura da garin fim ya zama danƙo. Ana wanke shi a bar shi a bushe, ba a sa masa mai ko giris. Idan sifirin ɗaya ya saki ana sauya duka biyun, da irin nasu, tunda taurinsu ne ke ƙayyade gudun da makunni zai buɗe.

Wani abu da aka fi mantawa shi ne 'yan wasa-wasan da ke kan shaf, wato siraran zobban da ke hana rota yawo gaba da baya. Idan sun cinye, ko aka mayar da su ba a gurbinsu ba, zoben ba zai danne hannun kontak da kyau ba, sai sabon makunni ya nuna irin ciwon tsohon. Bayan an haɗa, ana gwada moto shi kaɗai ba tare da bel ko haɗin giya ba, a duba inda yake juyawa, a saurari buɗewa da rufewar makunni. Sannan a haɗa shi da na'ura a gwada da zaren gwaji kafin a sa fim na gaske.

Makunnin hannu ya fi sauƙi. Abin lura shi ne a sayi wanda aka ƙayyade domin moto, ba na fitilar ɗaki ba, saboda wutar farkon tashi tana narka ƙaramin makunni ko da lambar amfiya da ke jikinsa ta yi daidai da ta moton.

Sauyawa idan babu na asali

Yawancin waɗannan motoci an daina ƙera su, don haka samun allon kontak na asali yakan yi wuya. Hanya mafi sauƙi ita ce a cire shi daga wani moto irinsa da ya mutu. In ba a samu ba, ana fito da wayoyin koyil ɗin tayarwa waje a haɗa su da rile ko makunnin ilektironik, a bar tsohon ɓangaren juyi a kan shaf ko a cire shi. Dole sabon ya dace da boltejin moton da amfiyarsa. Rile mai auna ƙarfin wuta da aka yi wa babban moto ba zai rufe a ƙaramin moto ba, wanda aka yi wa ƙarami kuma ba zai saki ba.

Makunnin firij mai aiki da zafi yana da arha kuma ana samun sa ko'ina, amma bai dace ba. Yana buƙatar mintuna kafin ya huce ya sake aiki, alhali mai haska fim yakan kunna ya kashe sau da yawa a jere yayin da yake duba zaren da ya saka.

Ɗakunan adana fina-finai da yawa sun zaɓi su cire moton gaba ɗaya su sa mai layi uku tare da inbata mai sarrafa gudu. Wannan yana kawar da makunnin tayarwa da kafasito, yana sa na'ura ta tashi a hankali ba fizga, kuma yana ba da damar haska finafinai marasa magana a gudun hoto 16 ko 18 ko 20 a daƙiƙa. Tsadarsa ta fi, kuma inbata na iya sa hayaniya a layin sauti idan ba a killace wayoyi da kyau ba.

Bambancin wutar ƙasashe

Wutar Amurka tana bugawa sau 60 a daƙiƙa, ta Turai da Najeriya da Nijar kuwa sau 50. Na'urar da aka yi wa wutar Amurka idan aka kunna ta a wutar 50, ko da an rage bolteji da taransifoma, za ta yi gudun hoto 20 maimakon 24. Fim na minti 120 zai ɗauki minti 144, muryoyi su yi kauri. Ana gyara wannan da sauya fuli ko giya, amma makunnin cikin moton yana nan da sifirin ɗinsa na da. An saita shi ya buɗe a wajen zagaye 1350, moton kuma yanzu iyakarsa ƙasa da 1500. Ratar ta ragu ƙwarai, kuma idan wuta ta yi rauni ko janareta ya sassauta, moto zai iya zama a gudun da makunni bai buɗe ba. A irin wannan yanayi makunni lafiyarsa ƙalau, amma koyil ɗin tayarwa zai ƙone kamar an manne kontak.

Halin da ake ciki a yau

Daga ƙarshen shekarun 2000 zuwa tsakiyar shekarun 2010 yawancin gidajen sinima na duniya suka koma na'urar dijital, wadda ba ta jan zare kuma ba ta da irin wannan moto. Na'urorin fim sun rage a ɗakunan adana tarihi, da jami'o'i, da gidajen da ke nuna tsofaffin finafinai, da hannun masu sha'awa. Lokacin da aka fitar da The Hateful Eight a fim mai milimita 70 a shekarar 2015, sai da aka tattaro tsofaffin na'urori aka gyara su domin haska shi, kuma Oppenheimer na shekarar 2023 ma an nuna shi a zaren fim a wasu gidajen. Kwafin da ɗakunan adana tarihi ke ba da aro sau da yawa ba su da madadi, kuma galibi ana sharaɗin a haska su da na'ura biyu ba tare da an yanka an haɗa faifan ba. Wannan ya sa ake tayar da kowane moto sau da dama a kallo ɗaya, kamar yadda ake yi a shekarun 1930.